Zarami Mai Fenti da Tankar Yayansa

Idan ka taɓa goga motarka da katanga a Azare, ko ɗan acaɓa ya zane maka ƙofa, to ka san Zarami mai fenti ko da ba ka riƙe sunansa ba. Garejinsa na kan hanyar Misau, bayan masu faci, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ita kanta ba ta taɓa ganin fenti ba. Siririn mutum ne mara yawan magana, gemunsa ya fara furfura, farcensa kullum ɗauke da kalar motar da ya gama jiya. Abokin gabarsa ɗaya ne a duniya, tsatsa. In ya gan ta a jikin mota har tsaki yake ja, kamar ta zagi iyayensa. Ya kankare, ya cike da fila, ya bi da samfefa, ya fesa, sai ka rantse yau aka fito da motar daga kamfani. Direbobin Gamawa da Dambam gara su jira shi mako guda da su kai wa wani, don abin da Zarami ya shafa ba ya ɓarewa.

Asalinsu mutanen Borno ne. Iyayensu sun rasu a jere Zarami yana ɗan ƙarami, sai yayansa Babakura, wanda bai daɗe da shiga soja ba, ya ɗauke shi ya tafi da shi bariki a Bauchi. Babakura ne ya yi masa uwa ya yi masa uba. Shi ya sa shi makaranta, da makarantar ta ƙi shiga ya kama hannunsa ya kai shi wurin masu fenti, shi ya tsaya masa har ya auri Mariyamu. Direban tankar yaƙi ne, ya kai muƙamin Saje kafin ya ajiye kaki. Da ya yi ritaya bai koma Borno ba, ya biyo ƙanensa Azare. Bayan matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya kuma tana aure a nesa, Zarami ya gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure ya dawo da shi gidansa.

Ciwon da sannu ya zo. Yau Saje ya manta inda ya ajiye hula, gobe ya sallame sallah ya sake tayar da ita. Wata rana aka tsinto shi a tashar Jama'are yana tambayar hanyar bariki. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, a kula da cinsa da tsaftarsa, a yi haƙuri. An yi rubutu, an yi tofi, Mariyamu ta yi ta dafa masa burabusko irin na gida ko ɗanɗano zai tuna masa wani abu. Duk a banza.

Zarami ya jure komai. Ya jure wanke shi, ya jure ba shi abinci a baki. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne abin da ya faru wata safiya, da ya durƙusa gabansa kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya ce, "Yaya, ina kwana?"

Babakura ya dube shi da fara'a irin ta mutumin kirki, ya ce, "Lafiya lau, bawan Allah."

Bawan Allah! Abin da ake kiran wanda aka haɗu da shi a mota. Mutumin da in zai kira shi sai ya ja sunan, Zaraaami, har maƙwabta su ji, yau shi ne yake ce masa bawan Allah. Daga baya ma ko wannan ɗin ta ɗauke. Saje ya koma zama a tabarma gindin darbejiyar tsakar gida, hannuwa bisa gwiwa, ido a bango, daga safe har yamma. Zarami ba warkewa yake nema ba, ya san wannan ta wuce. Abu ɗaya yake roƙon Allah, kafin ƙasa ta rufe ɗayansu, yayansa ya dube shi ya kira sunansa sau ɗaya.

Wata rana a shagon Chidozie ya ga wani kwali. Chidozie mai sayar da fenti da tina ne a bakin kasuwa, haifaffen Azare, in yana magana a bayan labule ba za ka ce ba Bahaushe ba ne. An aiko wa matarsa dilar kayan wasan yara na gwanjo daga Legas, komai ya ƙare sai wannan kwali, don duk yaron da ya buɗe sai ya ga tarkacen roba ruwan toka manne a jikin firam, ba taya ba batir, ya mayar ya rufe. A jikin murfin kuwa hoton tankar yaƙi ne. Zarami ya tsaya yana kallo har ya manta abin da ya zo saya.

"Malam Zarami, ajiye," in ji Chidozie. "Wannan ba mota ba ce, wahala ce aka zuba a kwali. Da hannunka za ka haɗa ta ɗaya bayan ɗaya."

"Irin ta Yaya ce," in ji Zarami. "Kan nan, da bakin igwar nan. Wallahi irinta ce."

Chidozie ya san halin da Saje ke ciki, sai ya daina wasa. Ya ciro waya ya nemo masa bidiyon wani mutum a wata ƙasa yana haɗa irinta. Zarami ya kalla yana gyaɗa kai, har aka zo inda mutumin ya gama fesa fenti tsaf, sannan ya ɗauko burushi ya fara zana mata tsatsa yana yaɓa mata ƙasa.

"Kai! Tsaya. Me yake yi haka?"

"Tsufa yake sa mata. Wai sai ta yi datti take kama da ta gaske."

"Mutum ya yi aiki lafiya lau ya zauna ya ɓata da hannunsa? Wannan ai a kai shi asibiti."

Ya ɗauki kwalin ya tafi, ya bar dattin ga masu shi.

Kullum bayan la'asar, in aiki ya lafa, sai ya shimfiɗa farantin tangaran a kan benci ya sa tabarau. Takardar da ke ciki da wani rubutu aka yi ta wanda ko Chidozie bai san na wace ƙasa ba ne, don haka zane kawai yake bi. Da abin yankan farce yake ciro kowane yanki daga firam, ya goge bakin da samfefa mai laushi, ya ɗiga gam da tsinken sakace. Tayoyin ciki kaɗai sun kusa sa shi rantsuwa, don ya manna na gefe guda a juye, sai da ya sa reza ya ɓamɓare. Sarƙar da tanka ke tafiya a kanta kuwa ƙwaya ƙwaya ta zo, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa biyu ba. Da hantsakin Mariyamu yake ɗauka. Wata ta tsalle daga hantsakin ta faɗi ƙasa, kafin ya sunkuya kazar mai faci ta riga shi. Ya bi kazar nan da zagi har bakin titi, sannan ya dawo ya sassaƙa wata daga ragowar firam.

Fentin bai ba shi wahala ba, nan ne gidansa. Ya yi ta haɗa kore da ɗan baƙi da ɗan ruwan ƙasa a murfin gwangwani har ya sami koren barikin da ke cikin kansa. Ya rage iskar bindigar fenti ya fesa a hankali. Tanka ta fito tas, tana ƙyalli.

Ya kai ta gida a tafin hannu biyu, ya durƙusa ya ajiye gaban yayansa. "Yaya, dubi. Ka gane ta?"

Babakura ya sauke ido ya dube ta kamar yadda zai dubi kwanon sabulu, ya mayar da idonsa bango. Mariyamu da ke tsaye bakin madafa ta juya ta koma ciki, don kada mijin ya ga ta gani.

Kwanaki Zarami bai taɓa tankar ba. Sai maganar Chidozie ta riƙa dawo masa, wai sai ta yi datti take kama da ta gaske. Ya zauna ya tambayi kansa, shi yaushe ma ya taɓa ganin tankar yayansa tana ƙyalli haka? Hoton da ke ransa ɗaya ne. Yana yaro, sojoji sun yi makonni a daji wurin atisaye, an bar shi hannun matar wani kofur. Ranar da za su dawo ya gudu bakin get tun da safe ya tsaya. Can sai ga su, ƙasa na rawa, tankokin sun sha taɓo har wuya, bakin igwa ya yi baƙi, ga Babakura ya leƙo da kai ta murfin gaba yana ɗaga masa hannu. Duk rayuwarsa bai taɓa farin ciki irin na wannan lokacin ba. Ashe ba tankar ya kai wa Yaya ba, abin wasan yara ya kai masa.

Daga nan mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana korar tsatsa ya koma nemanta. Ya kankaro ta daga tsohuwar salansar mota ya tara a gwangwanin tumatir, ya niƙa ta zama gari, ya kwaɓa da tina, ya riƙa ɗigawa a gindin kowane ƙusa yana jan ta ƙasa da burushi kamar ruwan sama ne ya zubo da ita. Ya yagi soso ya dangwala a baƙin fenti ya ɗan taɓa gefuna, inda fenti ke ɓarewa. Ya goga fensir a bakin murfi da inda takalmin soja ke takawa, wurin ya yi ƙyallin ƙarfen da ya sha hannu. Ya kankaro baƙin gindin tukunyar Mariyamu ya shafa a bakin igwa. Ƙasar Azare ya ga ta cika yashi, ba ta kama jiki, sai ya sa wani direba ya ɗebo masa lakar fadama daga Katagum. Ya shanya, ya daka, ya tankaɗe da rariya, ya kwaɓa da gam ya cusa tsakanin tayoyi da sarƙa.

Makanikai suka samu abin yi. "Malam Zarami, in ka gama ga motata, a sa mata tsufa!" Ko kallonsu bai yi ba. Mariyamu kuwa da ta ga rariyarta da laka sai da ta riƙe haɓa.

"Malam, don Allah kar mu wayi gari da marasa lafiya biyu a gidan nan."

"Ke dai kar ki kuskura ki wanke ta in na kawo. Na san ki da omo."

"Ni ina ruwana da ita. Allah Ya sa a dace."

Da ya gama, sai ya yi abin da hannunsa ya saba yi wa kowane aiki. Ya fesa mata siririn man kariya mara ƙyalli daga sama har ƙasa, don kada laka ta zube, kada tsatsa ta goge. Ya bar ta ta bushe sosai. Shi kansa da ya tsugunna ya dube ta daidai ido, sai da gabansa ya faɗi.

Da hantsi ya kai ta gida, ko kayan aiki bai cire ba, wata tsohuwar riga da wando ruwan kaki. Ya ajiye ta a tabarma, ya ja da baya ya tsaya.

Idon Babakura ya sauka a kanta, bai tashi ba. Yatsunsa suka motsa a kan gwiwa. Ya miƙa hannu ya ɗauke ta, ya juya kan hagu da dama, ya shafa murfin gaba da babban yatsa, daidai inda direba ke zama. Numfashinsa ya canza. Zarami a ransa yana ta ya Allah, ya Allah.

Sai tsohon ya ɗago ya ga mutum tsaye a kansa cikin kaki. Mutumin da sai an kama shi yake tashi, ya dafa bango ya miƙe da kansa, ya haɗa dugadugai, ya ƙame.

"Oga, a yi haƙuri. Yanzu muka shigo daga daji. Yanzu zan wanke ta."

Ya koma ƙasa da sauri, ya kama bakin rigarsa ya fara goge tankar.

"Yaya," in ji Zarami. "Yaya, ni ne. Zarami ne."

"Eh, Oga, Zarami. Ƙanena ne." Bai ɗago ba, yana ta gugar. "Yana bakin get tun safe, na gan shi da muka wuce. Ƙaramin yaro ne, ba shi da kowa sai ni, na san ko karyawa bai yi ba. In na gama wanki a taimaka a ba ni fas in je in same shi."

Zarami ya zauna a ƙasa ba tare da ya san ya zauna ba. Sai yanzu sauran ranar ta dawo masa. Shi ɗaga hannun kawai ya riƙe, ya manta cewa bayan tankokin sun shige ya yi ta tsayuwa a bakin get har rana ta karkata, yana kuka, yana cewa Yaya ya manta da shi. Bai taɓa sanin dokarsu ba, cewa sojan da ya dawo daga daji ba ya fita ko'ina sai tankarsa ta fita tas an duba, sannan a ba shi fas, wato izinin fita. Shi a wurinsa taɓon nan dawowar Yaya ne. A wurin Yaya kuwa taɓon ne ya tsare shi daga ƙanensa. Duk tsawon makonnin nan, wannan ya zauna yana gina masa da hantsaki.

Kuma dattin ya ƙi fita. Ina zai fita, aikin Zarami ne? Babakura ya goga da riga, ya tofa yawu ya goga, ya sa farce. Mariyamu ta kawo ruwa a kofi da tsumma, ya karɓa ya dirza, laka na nan daram. Bakin igwar ya karye a hannunsa, ya dube shi a tsorace ya ɓoye ƙarƙashin cinya. Hawaye suka fara bin gemunsa.

"Ta ƙi fita, Oga. Wallahi ina yi. Yaron nan zai ce na yar da shi."

Zarami ya gyara murya irin ta manya, ya ce, "Saje, bar ta haka. An ba ka fas. Tashi ka je."

Tsohon ya girgiza kai. "A'a, Oga. Gwada ni ake yi. Ba a ba da fas tanka da datti."

Ba yadda ya iya. Ya aika aka ɗauko masa tina daga gareji, ya zauna gefen yayansa, shi yana jiƙa tsumma yana narkar da man kariyar, tsohon yana bi yana gogewa. Tsatsar salansa ta tafi, lakar Katagum ta tafi, baƙin tukunya ya tafi, har koren ya fara bin su, roba ruwan toka ta leƙo. Babakura ya ɗaga ta ya duba ciki da bai, ya miƙe ya sara masa.

"An gama, Oga."

"An ba ka fas, Saje."

Ya nufi zaure da saurin da rabon a gan shi da shi tun kafin ciwon. Zarami ya bi shi a baya. Tsohon ya tsaya bakin ƙofa, ya dubi titi dama da hagu, ya kafa hannu a baki.

"Zaraaami!"

Yadda yake ja ɗin nan, bai canza ba ko kaɗan. Maƙwabciya har ta leƙo ta katanga.

"Na'am, Yaya," in ji Zarami daga bayansa.

Bai waiwayo ba. Ya sake kira, ya sake, yana leƙen bayan masu wucewa, har ƙarfinsa ya ƙare aka kama shi aka mayar da shi tabarma.

Zarami ya ɓoye tankar a gareji, ya ce ba zai ƙara ba. Saje ya koma kallon bango, abinci ma ya fara kawar da kai. Mariyamu ce ta lura cewa ranar wankin tanka ya cinye tuwonsa da hannunsa. Ta faɗa wa mijin, ba ta ce ya yi ba, ba ta ce ya bari ba. Shi ma ya rasa wanne ne zalunci, ya bar yayansa shiru kamar an binne shi da rai, ko ya riƙa mayar da shi ranar da ta fi kowace damunsa. Ya tambayi liman, liman ya ce Allah Ya ba da lada. Ya tambayi Chidozie, Chidozie ya ce wannan ta fi ƙarfinsa.

Yanzu in ka je garejin da yamma za ka iya tarar da shi da faranti a cinya. Ya manne bakin igwar, ya sake fesa koren. Lakar da ruwa zalla yake kwaɓa ta, ba gam, ba man kariya, tsatsar ma a bushe yake barbaɗawa, yadda tsumma ɗaya zai ɗauke. Shi ne kaɗai aikin da yake yi don ya goge. Makanikai sun daina tsokanarsa.

In ya kai gida sai ya ajiye ta a tabarma, ya tsaya a duba, ya ba da fas. Amma ya daina bin yayansa a baya. Da zarar tsohon ya fara laluben takalmi, sai ya riga shi fita, ya tuɓe rigar kakin a zaure, ya je ya tsugunna a bakin ƙofa ta waje, daidai inda yaro zai tsaya, da furfurarsa da komai. Babakura ya fito, ya kira sunan ta saman kansa. Zarami ya amsa. Wani lokaci tsohon yakan sauke ido ya gan shi.

"Bawan Allah, ba ka ga wani yaro a nan ba? Siriri haka, bai kai nan ba."

"Na gan shi, Yaya," in ji Zarami. "Bai tafi ba. Ya ce a faɗa maka bai yi fushi ba, yana nan yana jira."